Ramones: tambayoyi da amsoshi kan mawaƙan da rigarsu ta fi faifansu zuwa nesa

Akwai wata baƙar riga mai hoton mikiya a cikin da'ira da sunaye huɗu kewaye da ita, a sama an rubuta RAMONES da manyan baƙaƙe, in kana yawan kallon finafinan Turawa ko kana leƙa dilar gwanjo da wuya ace ba ka taɓa cin karo da ita ba. Mutane da yawa sun ɗauka sunan kamfanin kaya ne. Toh ba kamfani bane, mawaƙa ne, kuma labarinsu na daga cikin labaran da suka fi taɓa min zuciya a tarihin kiɗan Amurka. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansu.

Su waye ma Ramones ɗin?

Samari ne huɗu 'yan unguwar Forest Hills da ke yankin Queens a birnin New York, sun haɗa ƙungiyarsu a 1974. Joey ne mawaƙi, wani dogo siriri da ya kusa mita biyu, gashi ya rufe masa fuska kullum da tabarau. Johnny na kaɗa jita, Dee Dee na riƙe da jitar bes mai kaurin murya kuma shi ya rubuta mafi yawan waƙoƙinsu, sai Tommy a kan ganguna. Da farko ma Joey ne mai ganga Dee Dee ke waƙa, sai aka ga Dee Dee baya iya haɗa waƙa da kiɗa lokaci guda, muryarsa kuma saurin dishewa take, shine aka turo Joey gaba. Tommy kuwa manajansu ne a lokacin, yana ta gwada wa masu neman aikin ganga yadda yake so a buga babu wanda ya gane, ƙarshe dai shi ya zauna kan kujerar.

Shekara 22 suka yi suna aiki, faifai 14 na situdiyo, wasanni 2,263.

'Yan gida ɗaya ne, tunda duk sunansu Ramone?

A'a, ko dangin nesa babu a tsakaninsu. Sunan Joey na gaskiya Jeffrey Hyman, Johnny shine John Cummings, Dee Dee shine Douglas Colvin, Tommy kuma Thomas Erdelyi wanda a Budapest ta ƙasar Hungary aka haife shi. Dee Dee ne ya kawo shawarar sunan, ya samo ne daga Paul McCartney na Beatles wanda ya taɓa amfani da sunan Paul Ramon. Duk wanda ya shigo daga baya sai ya ɗauki sunan shima, Marky da ya gaji Tommy a 1978, Richie, da C.J. da ya maye gurbin Dee Dee a 1989.

Kuma ba suna kaɗai ba har kaya, kamar dai anko: baƙar jaket ta fata, wandon jins da ya yage a gwiwa, takalmin kambas, gashi har ido. A lokacin manyan mawaƙan rock na hawa dandamali da kaya masu ƙyalƙyali da dogayen alkyabbu, su kuma suka fito da kayan da duk wani yaron unguwa ke da shi a ɗaki. Wannan da gangan suka yi shi ba wai talauci kaɗai bane.

Me ya bambanta kiɗansu da na sauran?

Sai ka san yadda rock ya koma a tsakiyar shekarun 1970 kafin ka gane. Waƙa ɗaya sai ta kai minti goma ko ashirin, mai jita ya tsaya shi kaɗai yana nuna gwaninta, mai ganga shima a bashi nasa filin, ana kashe maƙudan kuɗi da watanni a situdiyo. Yaro ɗan shekara 15 da ke sauraro sai dai ya yi sha'awa daga nesa, ya san shi kam ba zai taɓa iya wannan ba.

Ramones suka zubar da duk wannan. Dee Dee zai matso kan makirfo ya ƙwalla ƙirga ɗaya biyu uku huɗu da ƙarfi, kafin ka ankara kiɗa ya rufto, minti biyu an gama, ba gaisuwa ba surutu ya sake ƙirgawa an shiga ta gaba. Johnny zai ware ƙafafu, jitarsa ƙirar Mosrite ta sauko har kusan gwiwa, kuma hannunsa na dama ƙasa kawai yake dukan tsirkiya, baya dawowa ya kaɗa ta sama kamar yadda kowa ke yi don samun sauƙi. Duk wanda ya taɓa riƙe jita ya san azabar wannan, minti uku tsintsiyar hannu ta fara zafi, shi kuwa haka yake yi awa guda cur dare bayan dare. Daga nan ne ƙarar nan tasu mai kauri da bata yankewa take fitowa. Shi yasa nake jin haushi in naji ana cewa ai basu iya kiɗa ba, sauƙin a kunne yake, je ka gwada yi da saurin nan ba tare da ka kauce ba ka gani.

Abin da mutane ke mantawa kuma shine a ƙarƙashin hayaniyar nan waƙoƙi ne masu zaƙi. Sun tashi da rediyon shekarun 1960, Beatles da Beach Boys da ƙungiyoyin 'yan mata irin su Ronettes, Joey musamman masoyin waƙoƙin soyayya ne na gaske, in ka rage saurin waƙoƙinsu da yawa zaka ji amshi ne da ko ƙaramin yaro zai iya kamawa a ji ɗaya.

Meye CBGB da ake yawan haɗa su da shi?

Wani ɗan ƙaramin kulob ne a lamba 315 kan titin Bowery a Manhattan, wani mutum Hilly Kristal ya buɗe shi a 1973. Unguwar a lokacin ta mashaya ce da marasa matsuguni, birnin New York kansa ya kusa tsiyacewa a 1975. Ramones sun fara wasa a can a watan Agusta 1974, wasansu gaba ɗaya baya kai minti 20, wani lokaci ma su tsaya suna musu a gaban mutane kan waƙar da za a yi. A wurin ne mawaƙa irin su Television da Patti Smith da Blondie da Talking Heads suma suka taso. An rufe kulob ɗin a Oktoba 2006 bayan rikicin kuɗin haya.

Toh sun yi kuɗi kuwa? Faifansu sun sayu?

Nan ne abin ke da ciwo. Basu sayu ba.

Faifansu na farko ya fito a Afrilu 1976 a ƙarƙashin kamfanin Sire na Seymour Stein, dala 6,400 kacal aka kashe, cikin kusan mako guda aka naɗe shi, waƙa 14 cikin minti 29. In ka sa abin sauraro a kunne zaka ji jita a kunne ɗaya bes a ɗayan. Yau ana lissafa shi cikin faifan da suka canza kiɗan duniya, har ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya saka shi cikin rajistar naɗe-naɗen da ake adanawa don tarihi, amma a lokacin lamba 111 ya tsaya a jadawalin Billboard na faifan da suka fi sayuwa a Amurka. Sai a 2014 ya kai kwafi 500,000 da ake ba da shaidar zinare a kai, shekara 38 kenan bayan fitowarsa.

Kuma ba wai basa so bane fa, sun so ƙwarai. Akwai masu ɗauka 'yan punk, wato masu irin wannan kiɗa mai sauri da hayaniya, basu damu da kasuwa ba, su Ramones kam sun yi imani waƙoƙinsu na rediyo ne kuma kullum suna jiran wadda zata fashe. Waƙarsu da ta fi hawa a Amurka ita ce "Rockaway Beach", lamba 66. Sun fito a fim a 1979, sun je wurin shahararren furodusa Phil Spector suka yi End of the Century da ya fito a 1980, aikin da ya wahalar da su sosai don mutum ne mai sa a maimaita abu ɗaya awa da awanni, su kuma sun saba da gamawa cikin kwanaki, duk da haka lamba 44 ya kai kuma shine mafi girma da suka taɓa samu. Gidajen rediyon Amurka sun ƙi su, musamman da labaran tsageranci na Sex Pistols, wata ƙungiyar punk ta Ingila, suka cika jaridu a 1977 sai kalmar punk ta zama abin gudu, laifin wani ya shafi wani. Abin da ya riƙe su shine hanya, shiga motar bas ƙarama daga gari zuwa gari, da kuɗin riguna.

In basu sayar ba, ta ina tasirin ya bi?

Ta hannun 'yan kaɗan ɗin da suka saurara, don kusan duk garin da suka yi wasa sai sun bar yara a baya da suka fita daga zauren suna cewa ai mu ma zamu iya. Wannan shine gadonsu na gaske a ganina, sun rage tsawon katangar da ke tsakanin mai sauraro da mai kiɗa. Ba sai ka je makarantar kiɗa ba, ba sai kana da kyau ko murya mai daɗi ko uba mai kuɗi ba, jita mai araha da abokai uku da gareji sun isa.

Misalin da aka fi bayarwa shine Landan. Ranar 4 ga Yuli 1976, ranar da Amurka ke bikin cika shekara 200 da samun 'yanci daga Ingila, Ramones suka yi wasa a zauren Roundhouse gaban mutum kusan 2,000, taron da basu taɓa ganin irinsa a gida ba. Washegari suka yi a kulob ɗin Dingwalls inda 'yan Sex Pistols da Clash suka zo suka same su. A shekarar ne wani matashi Mark Perry ya fara buga wata 'yar mujalla ta hannu da injin kwafi, ya ciro sunanta daga wata waƙar Ramones, kuma irin waɗannan mujallu na yi-da-kanka suka zama jinin tafiyar punk a Ingila.

Daga nan sai abin ya yi rassa. A California su Black Flag da Bad Religion da Descendents suka ƙara sauri da zafi. 'Yan U2 sun kalle su a Dublin suna samari, har suka yi wa Joey waƙa a 2014. Motörhead sun yi musu waƙa da sunansu a 1991. Masu kiɗan metal irin su Metallica sun ɗauki salon dukan tsirkiya ƙasa na Johnny. A Japan akwai ƙungiyar mata Shonen Knife da suka yi faifai guda na waƙoƙin Ramones zalla. Sai kuma 1994 da ƙungiyar Green Day suka fitar da faifansu Dookie ya sayar da sama da kwafi miliyan 10 a Amurka kaɗai, da tsarin da kowa ya san daga ina ya fito, alhali masu tsarin na nan suna zagaye ƙananan zaure a mota. Green Day ɗin basu taɓa ɓoye bashin da ke kansu ba, gaskiya wannan abin yabo ne.

Kenan su suka ƙirƙiro punk?

Ba su kaɗai ba. Kafin su akwai Stooges na Iggy Pop da MC5 daga jihar Michigan, akwai New York Dolls da su kansu Ramones ɗin suke zuwa kallo. Sex Pistols ma sun fara wasa tun Nuwamba 1975, Clash kuma a daren 4 ga Yulin nan suna Sheffield suna wasansu na farko, don haka masu cewa zuwan Ramones ne ya haifi punk ɗin Ingila sun ɗan zarce. Abin da za a iya cewa ba tare da ƙari ba shine su suka fara haɗa abin ya zama tsari guda, sauri da gajarta da kaya da hali, suka kuma fara sa shi a faifai.

Wa ya zana tambarin da ke jikin rigar?

Arturo Vega, ɗan asalin Chihuahua a Meziko, abokinsu ne da ke zaune dab da CBGB, Joey da Dee Dee sun zauna a gidansa, kuma shi ke kula da fitilun wasansu kusan tun farko har ƙarshe. Ya ɗauki hatimin shugaban ƙasar Amurka ne ya juya shi: mikiyar da ke riƙe da kibau sai ya bata sandar wasan besbol saboda Johnny masoyin wasan ne, reshen zaitun ya koma reshen tuffa, inda ake rubuta sunan ofishin shugaban ƙasa ya jera sunayen mawaƙan. In ka duba rigar da kyau zaka iya gane zamanin da take nufi daga sunayen, wata da Tommy wata da Marky. Vega ya rasu a 2013.

Laifi ne mutum ya sa rigar alhali bai san waƙarsu ko ɗaya ba?

Wasu tsofaffin masoyansu na jin zafin ganin rigar a manyan shagunan kayan yayi, suna ganin an mayar da abin da suka ɗauka da muhimmanci ado kawai. Na fahimce su amma ban bi su ba. Tun suna raye riga ce ke biyan kuɗin man mota da ɗakin kwana, kuma mutanen nan burinsu kenan su shiga ko'ina. In yarinya a Jakarta ko saurayi a Kano ya sa rigar don ta masa kyau, wata rana ya buga sunan a YouTube ya ji, toh rigar ta yi aikin da rediyo ta ƙi yi musu.

Da gaske ne Joey da Johnny basa magana da juna?

Da gaske ne, kuma shekaru masu yawa. Halinsu ya sha bamban tun asali, Johnny mutum ne mai tsauri da lissafin kuɗi, ya yi makarantar soja, shi ke tafiyar da ƙungiyar kamar bariki, ɗan ra'ayin riƙau ne mai son jam'iyyar Republican. Joey kuma mai sanyi ne da kunya, mai sassaucin ra'ayi, yana fama da lalurar nan ta ƙwaƙwalwa da ke sa mutum maimaita abu, sai ya taɓa ƙofa ko ya sake taka matakala sau da yawa kafin ya iya fita, ana jiransa a mota. Sai kuma babban abin, budurwar Joey ta koma wurin Johnny har suka yi aure. Daga nan zumunci ya mutu amma aiki bai tsaya ba, mota ɗaya dandamali ɗaya sama da shekara goma ba mai ce wa wani uffan sai ta bakin wani.

Siyasa ma ta shiga waƙa. A 1985 shugaba Ronald Reagan ya ziyarci maƙabartar sojoji a Bitburg ta Jamus inda aka binne har da dakarun SS na Hitler, Joey wanda Bayahude ne ya ji zafin abin, shi da Dee Dee suka yi waƙar suka a kai, Johnny masoyin Reagan ya dage sai an canza mata suna kafin ta shiga faifai. Ko da Joey ke kwance yana jinyar ajali Johnny bai kira shi ba. Wannan ɓangaren labarin wallahi ba daɗi, bana son masu mayar da shi abin burgewa.

Ba 'yan ƙwaya bane?

Wasunsu sun sha fama, ba abin ɓoyewa bane. Dee Dee ya kamu da hodar heroin tun yana matashi kuma ita ta kashe shi. An sallami Marky a 1983 saboda giya, ya je ya nemi magani ya dawo a 1987. Akwai waƙoƙinsu na farko da ke maganar shaƙar sholisho da zaman banza da ciwon ƙwaƙwalwa, rayuwar da suka gani ce a unguwa suka faɗa yadda take. Mai son kiɗansu ba dole ya so wannan ba, ƙarshen Dee Dee yana da shekara 50 ya isa bayani.

Me yasa ake cewa a Ajantina suka fi farin jini?

Don a can ne suka ɗanɗani abin da gida ya hana su. Sun fara zuwa Buenos Aires a 1987, daga nan suka riƙa komawa, matasan unguwannin talakawa suka rungume su kamar nasu, ana tare motarsu a titi, ana kwana a ƙofar otal, a wurin wasa jama'a na rera kiɗan jitar da baki irin yadda ake yi a filin ƙwallo. A Maris 1996 suka yi bankwana a filin wasa na River Plate gaban dubun dubatar mutane, su da a Amurka kulob suke cikawa. Brazil ma haka. Ƙungiyoyin Ajantina irin su Attaque 77 daga wannan tushen suka fito, Dee Dee ma 'yar ƙasar ya aura. A Jamus kuma, inda Dee Dee ya yi ƙuruciyarsa saboda mahaifinsa sojan Amurka ne, wani masoyinsu ya buɗe gidan tarihi na Ramones a Berlin a 2005.

Yaya suka ƙare?

Sun yi wasan ƙarshe ranar 6 ga Agusta 1996 a zauren Palace da ke Hollywood, Lemmy na Motörhead da Eddie Vedder na Pearl Jam da wasu suka hau suka taya su, Dee Dee ma ya dawo ya yi waƙa ɗaya. Aka watse kowa ya kama gabansa.

Joey ya rasu a Afrilu 2001 da kansar jini yana da shekara 49. A Maris 2002 aka shigar da su zauren karramawa na Rock and Roll Hall of Fame babu shi, Green Day suka kaɗa waƙoƙinsu a wurin, ba a yi wata uku ba Dee Dee ya bi. Johnny ya rasu a Satumba 2004 da kansar prostate da ke kama maza, Tommy a Yuli 2014 shima da cutar kansa. A 2003 birnin New York ya sa wa kusurwar titi kusa da CBGB sunan Joey Ramone Place, allon da masoya suka yi ta sacewa har sai da aka ɗaga shi sama sosai. Grammy ta basu lambar yabo ta tsawon rayuwa a 2011, a 2016 aka raɗa wa titin gaban makarantar sakandaren Forest Hills suna Ramones Way. Amshin nan nasu na "Hey ho, let's go" yanzu a filayen wasanni da tallace-tallace ake jinsa. Jitar Johnny kuwa, irin wadda ya fara saya don ita ce mai araha, an yi gwanjon babbar tasa a 2021 kan sama da dala 900,000. Mafi yawan wannan girma ya zo ne bayan uku daga cikin huɗun sun kwanta dama, abin na damuna duk lokacin da na tuna.

Wanda bai taɓa jinsu ba, daga ina zai fara?

Fara da faifan farko na 1976, rabin awa ne baya cin lokaci. In ya maka tsauri a kunne ka koma Rocket to Russia na 1977, ya fi laushi da zaƙi kuma da yawa na ganin shine gwaninsu. Bayan nan ka nemi It's Alive, wasan da aka naɗa a zauren Rainbow na Landan daren 31 ga Disamba 1977, waƙa 28 cikin ƙasa da awa guda, a nan zaka ji ƙirgar Dee Dee tsakanin waƙa da waƙa da yadda basa barin mutum ya numfasa. Akwai bidiyon wasan a intanet, ka kalli hannun daman Johnny. Faifan shekarun 1980 ba duka suka yi kyau ba, amma Too Tough to Die na 1984 da Tommy ya dawo ya taya su haɗawa ya cancanci a saurara.